Baffana Mai Kiran Sakamako Daga Ƙasa

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, wanda kuma ya daɗe yana shugabantar makarantar sakandaren da muka yi a nan Azare. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar layinmu ya toshe da motoci, masu keke napep sai zagayawa suke ta bayan masallaci suna tsaki.

Tsofaffin ɗalibansa ne suka cika rumfar. Daga Bauchi, daga Kano, daga Abuja, likitoci da injiniyoyi da alƙali guda, har da wani mai 'yan sanda a bayansa. Ta'aziyyarsu kuwa gasa ta zama. Wannan ya ce sau goma sha biyu Malam ya zane shi a rana ɗaya, ga shi yau ya zama mutum. Wancan ya ce kai, naka wasa ne, ni a kan tsakuwa ya durƙusar da ni tun safe har aka tashi. Sai a yi dariya, a ce Allah ya jiƙan Malam, yanzu babu irinsu. A cikin gida Inna, matarsa, tana zaune da carbi, ko ɗigon hawaye ban gani ba. Goggo, ƙanwarsa, ta iso daga Giade, tun daga soro take cewa, "Allah ya yi wa Malam hisabi mai sauƙi, don wallahi yana da abin amsawa." Mata suka yi ta ƙifta mata ido, ko a jikinta.

Ina zaune a gefen rumfa sai ga Yaya, ɗan farin Baffa, ya fito da babban farantin Inna cike da dabino da ruwan leda yana bin baƙi. Mutum ne mai shekara hamsin, da furfura a gemu, da tabarau mai kauri. Wani ƙato mai babbar riga, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "A'a! Wutsiya! Har yau kai ne da faranti?"

Rumfa ta fashe da dariya. Sai da suka yi mai isarsu sannan suka tuna inda suke, kowa ya gyara fuska. Yaya ya ce, "Sannunku da zuwa, an gode," ya miƙa wa na gaba dabino.

Waɗannan mutanen ne suka ce in rubuta wani abu a kan Baffa don kada a manta da shi, za su sa a ɗan littafin ƙungiyarsu. Na ce to. Ga shi na rubuta, amma ba na jin za su buga.

Zan fara da abin da ba mai musu. Baffa ya iya aikinsa. Kafin a buga ƙarfen da ke rataye a darbejiyar tsakar makaranta, Vesparsa tana ƙofar ofis, shi kuma yana bakin ƙofar shiga da farin kaftani da jar biro a aljihu, yana kallon agogo. Ya san sunan kowane yaro da sunan ubansa da unguwarsu. A zamaninsa duk gasar da aka kira makarantu, ko muhawara ko kacici-kacici ko lissafi, da kofi muke dawowa, har kabad ɗin ofishinsa ya cika aka sa kafinta ya ƙara wani. Yaran ajin ƙarshe ba su san hutun Asabar ba. Shi da kansa yake shiga ya koyar, kuma in ya yi bayanin abu sau ɗaya sai ka rasa me ya sa da ba ka gane ba.

Yana kuma da alheri, irin nasa. Akwai wani yaro daga Sakwa mai kaifin kai, ubansa ya cire shi da damina ya ce gona ta fi buƙatarsa. Baffa ya hau Vespa ya je har gonar. Bai yi wa uban wa'azi ba. Ya tuɓe kaftani ya rataye, ya karɓi fartanyar yaron, ya ce, "Aikin da zai yi maka yau ni zan yi, shi ya tafi aji." Kwana uku a jere yana zuwa bayan an tashi, har kunya ta kama manomin ya ce don Allah Malam ka tafi da shi. Wannan yaron yau babban malami ne a jami'a. Shi kaɗai ne a rumfar bai yi dariya ba, kukansa kuma na gaskiya ne. Amma ku lura, Baffa bai taɓa hawa Vespa don yaron da ke ƙasan aji ba. In irin wannan ya daina zuwa, cewa yake, "An samu wurin zama."

Dokoki uku ya kafa, su ne makarantar. Ta farko, zama a aji bisa matsayi ne. Na ɗaya yana bencin gaba daf da allo, a yi ta jerawa har na ƙarshe yana jingine da bangon baya. Kullum maganarsa, "Kowa ya zauna inda kansa ya ajiye shi." Ta biyu, ranar rufe zango a filin asambili shi yake karanta sakamako da bakinsa, kuma daga ƙasa yake farawa. Zai yi gyaran murya, ya ce aji kaza, na ƙarshe, ya kira suna cikakke. Yaron ya fito ya tsaya a gaba, hannu a baya. Sai Baffa ya ce, "A tafa masa." Makaranta gaba ɗaya ta yi tafi uku, a hankali, da tazara: taf, taf, taf. Shi ake kira tafin wutsiya. Ta uku, ranar ba da kyaututtuka, a gaban iyaye da manyan gari, na ƙarshen kowane aji shi zai riƙe farantin da aka jera littattafai da agogo da sabulai a kai, ya tsaya kusa da babban baƙo, gwarazan ajinsa suna zuwa suna karɓa.

Shekara huɗu Yaya yana riƙe wannan farantin. Shekara biyu daga ciki ni nake zuwa in karɓi kyautar na ɗaya daga kansa, don ya maimaita aji sau biyu na riske shi. In na zo sai ya yi min murmushi ya ce a hankali, "Sannu, ƙanena." Ni kuwa ko kallonsa ba na yi, hoton da ake ɗauka ne a gabana.

Akwai abin da baƙin nan ba su sani ba, mu 'yan gida muka sani. Baffa mutum ne mai tsananin kunyar ɗan fari, ya gado ta daga wajen uwarsa Bafulatana. Bai taɓa ɗaukar Yaya ba, bai taɓa cin abinci tare da shi ba, bai taɓa kiran sunansa a gida ba. "Kai," yake cewa, ko ya ce wa Inna, "Gaya wa wancan." Ni kuwa da nake ɗan ƙaninsa maraya, sunana yana bakinsa safe da yamma, ni ke zama a bayan Vespa, ni ake ajiye wa ragowar nama. Ba wanda ya ga laifinsa, haka al'ada take. Amma ku haɗa wannan da dokarsa ta makaranta. Wuri ɗaya tak Yaya yake jin sunansa daga bakin ubansa, sau uku a shekara, a filin asambili, bayan an ce na ƙarshe. Shi ya sa ba zan rubuta sunan a nan ba. An kira shi a bainar jama'a ya isa.

Kuma Yaya ba dakiki ba ne. A firamare, da ake zama a ƙasa kusa da allo, yana cikin goman farko. Da ya shiga sakandare, zangon farko babu sakamako tukuna, sai aka jera su bisa tsawo. Shi dogo ne, ya faɗa baya. Jarrabawar farko ya rufta ƙasa, dokar Baffa ta kama shi ta manna shi da bangon nan, bai sake barinsa ba.

Na san yana ƙanƙance ido. Na sani sarai. Bayan la'asar yakan zo ɗakinmu ya ce, "Ara min littafinka in kwafi abin da aka rubuta a allo," ya kai takardar kusa da hancinsa yana rubutawa. Baffa ya kama mu wata rana ya ce kwafa sata ce, wanda bai rubuta a aji ba bai so ba ne. Ya hana. Ni kuma na bi umarni har da ƙari, na riƙa kulle littattafaina a akwati. Ba tsoron Baffa kaɗai ba ne, in faɗi gaskiya. Daɗin zama ɗan gaban goshi nake ji.

Sau ɗaya Yaya ya yi ƙarfin hali. Muna aji huɗu, Baffa yana alwala a tsakar gida, ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ba na ganin allo."

Baffa ya ajiye buta. Ya ɗaga yatsu a gaban fuskarsa ya ce, "Nawa ne?"

"Uku."

"To kana gani." Ya juyo wurina. "Kana ganin allon ajinku?"

Na ce, "Ina gani, Baffa." Ina fa ba zan gani ba, ni da ƙurar alli take zubo min a kan littafi?

Ya ce, "Allo ɗaya, aji ɗaya, tuwo ɗaya kuke ci." Ya aike ni na ɗauko bulala. Ni na ɗauko ta, da gudu ma.

Labari ya kai wa Goggo a Giade, ta zo a motar kasuwa ko mayafi ba ta gyara ba. Ita kaɗai ce a duniya take ɗaga wa Baffa murya. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Malam, ɗanka ne ko abokin gabarka? Ka tara gari ka ba shi faranti kamar mai talla?"

Ya ce, "A makaranta ba ni da ɗa."

Ta ce, "A gidan fa? A gidan ma ba ka da shi, tunda bakinka ba ya iya kiransa. Ka matso da shi gaba na wata guda mana ka gani!"

Ya ce, "In na matso da nawa, da wane ido zan kalli ɗan wani?" Ya kunna rediyo. Goggo ta yi shekara biyu ba ta taka gidan ba.

A aji biyar Yaya ya daina zuwa, Baffa bai tambaya ba. Ya shiga kasuwa wajen wani Babarbare mai aikin wuyan riga, ya koyi surfani. Aikin kusa da ido ne, sai ga shi hannunsa ya fi na kowa a layin. Rabin manyan rigunan da aka sa aka zo wannan ta'aziyya, ban rantse ba, amma na ga ɗinkinsa a wuyan wasu. Ni kuma na wuce, na yi karatu, na dawo asibiti ina aikin duba ido. Dubi wannan abu don Allah. Shekara goma sha ɗaya ina auna idon mutanen gari, ban taɓa cewa Yaya zo in duba naka ba. Ina ga tsoron abin da zan gani nake yi.

'Yarsa ce ta tona. Malamarsu ta ce yarinyar tana ƙanƙance ido, ya kawo ta. Da na gama da ita, ya nuna allon gwajin ido ya ce cikin wasa, "Ni ko babban baƙin can na sama ba na gani." Na zaunar da shi. Na yi ta canza gilasai har na kai masu kaurin da ba kasafai nake ɗauko su ba. Ya fara karanta allon gwajin da ƙarfi, layi bayan layi, har na ƙasa mai ƙananan baƙaƙe, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ya ce, "Haka kuke gani tun da?"

Na ce, "Haka, Yaya."

"Daga bencin baya ma?"

"Daga ko'ina."

Ya jinjina kai. Ya kama hannun 'yarsa ya ce ta gaishe ni, suka tafi.

Ban iya haƙuri ba. Da yamma na sami Baffa a kan tabarmarsa a ƙofar gida, ya daɗe da yin ritaya a lokacin. Na gaya masa komai. Na ce ciwon tun yarinta ne, gaskiya Yaya ya faɗa ranar nan, da tabarau kawai aka yi masa da labari ya canza. Ina magana ina jiran dattijon nan ya ce innalillahi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Da ya yi ƙoƙari da ya matso gaba. Da ya matso gaba da ya gani." Ya tambaye ni ko an kira magariba.

Wallahi ranar na tsani Baffa, mutumin da ya ciyar da ni ya tufatar da ni. Na je shagon Yaya washegari ina huci. Shi ya ba ni haƙuri. Ya ce, "Bar shi. Baba ba zai ce ya yi kuskure ba, ni ma ba na nema. Abu ɗaya nake roƙon Allah. Kafin ɗayanmu ya tafi, ya kira sunana sau ɗaya, yadda yake kiran naka. Ko buta ce ya ce in miƙo masa." Ba abin da ba zai yiwu ba ne ya roƙa. Dattawa da yawa in tsufa ya zo kunyar takan sassauta, ka ji uba ya kira ɗan farinsa ba wanda ya ce uffan.

Sai idon Baffa ya fara tafiya. Na yi ta roƙonsa ya zo in duba, ya ce lafiyarsa lau, sai da abin ya wuce gyara. Shekara shida na ƙarshe ba ya ganin komai. Waɗanda ya yi noma dominsu, da mu da ya ɗora a bayan Vespa, kowa yana wurin aikinsa, sai gaisuwa ta waya. Yaya ne ya mayar da aikinsa zauren gida. Shi ke kai shi masallaci, shi ke yi masa aski, shi ke wanke shi da jiki ya ƙi. In Baffa yana son abu sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kai." In baƙo ya zo ya ce Malam wa ke kula da kai, sai ya ce, "Akwai wani nan." Kullum na zo sai in kalli Yaya, ya gane tambayata, ya girgiza kai ya ce, "Tukuna."

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarsa, bayan la'asar an ɗauke ruwan sama. Zazzaɓi ya yi masa nauyi, hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Muna ɗakin ni da Inna da Yaya, Yaya yana zaune a ƙasa yana matsa masa ƙafa. Sai Baffa ya ce a tayar da shi zaune, a ba shi hularsa. Muka yi. Ya gyara ta, ya ɗaga haɓa, ya yi gyaran muryar nan da duk wanda ya yi makarantarmu zai gane ko daga barci aka tashe shi.

Ya ce, "Aji huɗu. Na ƙarshe."

Ya kira sunan. Cikakke, da nasa sunan a haɗe, raɗau, kamar ba majinyaci ba.

Yaya ya saki ƙafar. Ya miƙe tsaye. Mai furfura, uban 'ya'ya biyar, ya tsaya a gaban gadon ya mayar da hannuwansa baya. Ba na jin ya san ya yi.

Baffa ya ce, "A tafa masa."

Ba wanda ya motsa. Inna ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya karkata kunne yana jira, bai ji komai ba. Ransa ya ɓaci, numfashinsa ya fara sarƙewa, yana lalubar sandarsa. "Na ce a tafa masa! Ba ku ji ba ne?"

Yaya ya juyo ya kalle ni ta cikin tabaran da ni na yanka masa. Ya ce a hankali, "Tafa, kada ya wahala."

Na tafa. Sau uku, da tazara, yadda aka koya mana. Baffa ya saki ajiyar zuciya, ya koma ya kwanta, barci ya ɗauke shi. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

To, masu ƙungiya, ga Malaminku. Duk abin da kuka ce ya yi muku gaskiya ne, ni ma ya yi min fiye da haka, kuma ina kewarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya dubi yaran da ya tsamo daga gona da kasuwa ya sa a mizaninsa. Allah kada ya jera shi a inda shi ya jera mutane. Na ji kuna shirin sa kyauta da sunansa a makarantar. Ku sa, amma don Allah ku ɗora ta a kan tebur.

Ranar sadakar uku, da baƙi suka watse aka naɗe tabarmi, na sami Yaya a bakin rijiya yana wanke farantin nan. Na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Yaya, ka yafe min. Littattafan da na kulle, da bulalar, da tafin ranar Litinin."

Ya ce, "Haba, ƙanena, ni na ce ka tafa." Ya ɗauraye farantin ya karkata shi ruwan ya tsiyaye. "Shi ma na yafe masa tun kafin a ɗaga makara. Na roƙi Allah ya kira sunana kafin ya tafi, kuma ya kira. Ni ne ban faɗi yadda nake so a kira ba."

Ya goge farantin da gefen rigarsa, ya miƙo min, ya ce in kai wa Inna.